Ranar da Aka Zo Mini Barkan 'Yan Uku

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da motar kamfaninmu ta tsaya a ƙofar gidan da nake haya a Samaru ba. Har yau in na ji bas ta rage gudu a layinmu sai gabana ya faɗi, ko da kuwa ta 'yan makaranta ce. Amma bari in faro muku daga tushe, don kada ku yanke mini hukuncin taɓin hankali tun ba ku ji ta bakina ba. (In kun gama ji kuka yanke ɗin, ba zan ɗaukaka ƙara ba.)

Ina aiki ne a wani kamfani da ke Sabon Gari, masu sayar da irin shuka da taki da maganin feshi. Ni ne mai kula da sito. Buhu ya shigo in rubuta, buhu ya fita in rubuta, in an tashi in kulle in nemi bas ta Kwangila in koma Samaru. Ba ni da abokin faɗa, ba ni kuma da abokin hira na a zo a gani. Ni irin mutanen nan ne da in ba su zo aiki ba sai wajen azahar wani zai ɗaga kai ya ce, af, yau ina Malam?

A wurin aiki kowa ya san ina da aure, kowa kuma ya san shekaru sun ja Allah bai ba mu haihuwa ba. Abin da ba su sani ba shi ne auren ya mutu tuntuni. Ba faɗa muka yi ba, kuma ba zan ci naman baiwar Allah a nan ba, don ba ta yi mini komai ba. Gajiya muka yi. Mun gaji da zaryar asibiti da ta masu magani, mun gaji da tambayar dangi, har ta kai in muna zaune a falo ba mai iya kallon wani. Wata rana ta ce in sauwaƙe mata, na sauwaƙe. 'Yan'uwanta suka zo da a-kori-kura suka kwashe kayan ɗaki kamar yadda aka saba, gado da kujeru da sif da labule, har kwanukan da nake cin tuwo a ciki, don duk nata ne. Aka bar ni da katifa da risho da shatin sif a jikin bango.

Na yi niyyar faɗa a ofis, wallahi na yi. To amma ta ina ake farawa? Da safe mutum zai ce maka ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, shi kansa ba amsa yake jira ba, ƙafarsa ɗaya ta riga ta yi gaba. Kai kuma bakinka ya riga ya ce lafiya lau tun kafin ka yi tunani. Ga shi a wurinmu ba mai tambayarka sunan matarka, kai ma ba ka kama sunanta a cikin mutane. Iyali ce, ko mutanen gida, shi ke nan an wuce wurin. Wannan kalma ta rufa mini asiri fiye da yadda wani ɗan'uwa ya taɓa rufa mini. Da tafiya ta yi nisa kuma sai ya zama in na faɗa yanzu, za a ce me ya hana ni faɗa tun da. Sai na ja bakina na tsuke.

Cikin damina wata mage ta shigo ta taga, ramammiya, jiƙe sharkaf, ta haye katifata ta zauna kamar ita ta biya kuɗin haya. Na kore ta, ta dawo. Na sake kora, ta sake dawowa, ni kuma a gaskiya korar ba ta kai zuci ba. Na sa mata suna Hajiya, saboda ita ke fara cin abinci, ba ta tsinana komai a gidan, kuma in na dawo a makare tana yi mini wani kallo na ina ka tsaya. Nakan ba ta labarin aiki, wanda ya ɓata mini rai da wanda ya yi sata a awo. (E, ina yi mata magana. Ku zauna ku kaɗai a ɗaki ciki da falo na wata da watanni, sannan ku zo mu yi gardama.) Mai kifi a kasuwar Samaru har gyara yake yi mini ya ce a gai da madam, in ce za ta ji. Kuma tana ji.

To a kamfaninmu da can akwai abin da ake kira kuɗin magani, ana cusa shi cikin albashi duk wata, ko ka yi ciwo ko ba ka yi ba. Tunda kuwa cikin albashi yake, haraji na yagar rabonsa, abin da ke isowa hannunka bai fi na farasitamol ba. Sai aka kawo sabuwar akanta, Madam Rifkatu, 'yar Wusasa, dattijuwa mai tabarau rataye a wuya, irin matan da in sun kira sunanka sai ka fara tunanin laifin da ka yi. Ita ta shawo kan Alhaji, mai kamfanin, aka canza tsari. Ta tara mu a inuwar sito ta yi mana bayani dalla-dalla. Daga yanzu ka je asibiti ka biya, ka kawo rasit, kamfani ya mayar maka, iyakar abin da aka ƙayyade na shekara. Ta ce tunda kuɗinka ne da ka kashe ake dawo maka da su, ba riba ka ci ba, ba za ta cire ko sisi na haraji a kai ba. Sharaɗi biyu ne kawai, a ga rasit, kuma maras lafiyar ya zama kai ne ko iyalinka, wato mata da 'ya'ya.

Malam Tanimu direba, wanda ba a taɓa taro an tashi bai yi magana ba, ya tambaya ko mai ɗori da wanzami suna cikin lissafi, don shi bai taɓa ganin wanzami da hatimi ba. Ya kuma nemi a fayyace masa ko suruka iyali ce, don tasa ta fi kowa cin magani a gidan. Aka yi ta dariya. Ni ban tambayi komai ba. Na ƙirga iyalina a zuci, na gama da wuri.

Ina da olsa, don haka ba na rabo da kemis. Duk rasit ɗin da aka ba ni sai in jefa cikin wata baƙar leda da ke rataye a ƙusa, da niyyar wata rana zan kai. Ban taɓa kaiwa ba. Nauyin shiga ofishin Madam nake ji, don tana da tambaya.

Ana nan sai Hajiya ta yi ciki. (Ban kama kowa ba, amma ina zargin wani jan muzuru na gidan burodi.) Ranar da naƙuda ta zo, abu ya ƙi. Tun da na dawo daga sallar asuba take juyi tana wani irin kuka, har rana ta fito ba labari, jikinta ya saki. Na ruɗe, ba ƙaramar ruɗewa ba. Na kira ofis in nemi izini, Alhaji ya yi tafiya, aka ba Madam waya. Me zan ce? In ce mata sito zai zauna a kulle saboda mage? Sai na ji bakina yana cewa, "Madam, ba zan samu shigowa ba, ta gidan ce ba lafiya, zan kai ta asibiti." Ku duba maganar da kyau, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Madam ta yi mini sannu, ta yi addu'a, ta ce kada in manta in karɓo rasit.

Na sa ta a kwali na hau acaɓa zuwa wani ɗan asibitin dabbobi mai zaman kansa. Likitan ya yi mata allura, ya sa hannu ya taimaka, ni ina tsaye a gefe ina salati kamar mai jiran ɗakin haihuwa. Ɗaya ya fito, na biyu, na uku, duk da rai. Na juya baya na share ido da hular kaina, na ce ƙura ce. Da likita ya zo rubuta rasit ya tambayi sunan maras lafiya, na ce Hajiya. Ya yi murmushi ya rubuta, ya ƙara da sunan mahaifina a gaba, don haka suke yi su gane mai dabba. A ƙasa ya yi irin rubutun nan na likitoci cewa an taimaka wajen haihuwa, uku, uwa da 'ya'ya lafiya. Ya buga hatimi wanda tawadarsa ta bushe, ba abin da ya fito sai kalmar asibiti da Samaru. Na dawo gida na jefa takardar cikin baƙar leda, don hannu ya saba.

Daga nan Madam ta sa ni gaba. Kullum da safe yaya mai jiki, in ce da sauƙi, ta ce ina rasit. Na ce ai abin bai taka kara ya karya ba, a bar shi kawai. Ta ce ni kaɗai ne a kamfanin ban taɓa karɓar komai ba, haƙƙina ne, kuma ita ba ta son mai kunyar da za ta cuce shi. Ran wata Laraba ta ce in gobe ban kawo ba, da ƙafarta za ta zo Samaru ta karɓa, ta duba mai jiki gaba ɗaya. Nan fa ido ya raina fata. Washegari na fizgi ledar na fita, da niyyar in ba ta na olsa ta ƙyale ni. A cikin bas, a matse tsakanin wata mai buhun barkono da wani ɗalibi, na laluba na zare takardar likitan dabbobi na cusa a aljihu. Haka dai na zata, na je na miƙa wa Madam ledar. Sai daga baya na gano ta gwajin jinina na zare.

Juma'a aka tura ni rakiyar kaya wajen Basawa, ban leƙa ofis ba sam. Da yamma na ji alat na banki ya shigo, ya ɗan fi abin da nake tsammani, na ce Allah ya saka wa Madam da alheri, na sayo wa mai jego kifi. Abin da ya faru a bayana kuwa, daga baya aka ba ni labari. Madam ta karanta takardar, ta cire tabarau ta goge ta sake karantawa, ta kira Asabe kashiya ta nuna mata. Kafin a tafi masallaci labari ya gama kamfanin, har masu dako. Malam da aka daɗe ana taya shi addu'a, Allah ya ba shi uku rigis. Da wani ya ce to me ya sa bai faɗa ba, sai aka yi masa caa, wane ne yake shelar ɗan fari? Kunya ce, ai haka aka san mutanen kirki. Nan take aka yi karo-karo, Alhaji ya bugo waya ya ce a ba su bas.

Asabar da hantsi ina tsugune a bakin famfo daga ni sai singileti, ina wanke kayan aiki, sai na ji guɗa a ƙofar gida. Na ɗauka gidan maƙwabta ne. Na leƙa, sai ga mutanen ofis suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Asabe da baho a ka, cike da sabulu da omo da atamfa. Madam riƙe da kayan jarirai kala uku. Malam Tanimu ya sauke rabin buhun gero, wai na kunun mai jego, ya taho ya rungume ni da kumfata da komai.

"Malam, 'yan uku, ka yi mana shiru? Ai ko Bafulatani ya sallama maka."

Na ce ai ba haka ba ne, wato, abin da ya faru. Suka kwashe da dariya, suka ce ku ji shi, har yanzu kunyar ba ta sake shi ba. Na sake buɗe baki, wani ya dafa kafaɗata ya ce in kwantar da hankalina, kowa da haka ya fara. Matar maƙwabcina ta fito ta tsaya baki buɗe, ita da ta san ko tsintsiya ni nake yi wa kaina. Madam ta tambaye ta ƙofar Malam, ta ɗaga hannu ta nuna. Matan suka yi ciki. Maza kuwa ba sa shiga ɗakin mai jego, don haka aka aro tabarmi aka shimfiɗa a ƙofar gida, aka zaunar da ni a tsakiya.

Na san a nan ne ya kamata in miƙe in daka tsawa in faɗi gaskiya. Ban yi ba. Malam Tanimu ya ɗaga hannu ya ce a yi addu'a, kowa ya ɗaga, Musulmi da Kirista. Allah ya raya su. Allah ya sa masu jin ƙan iyayensu ne. Allah ya sa mahaddata ne, ya buɗa wa ubansu hanyar ciyar da su. Allah ya ba uwarsu lafiyar shayarwa. Ana cewa amin, ni ma hannuna a sama ina cewa amin. Kunnena ɗaya kuma yana cikin gida. Na ji sallamarsu, na ji Asabe tana ina mai jegon take, na ji an tura ƙofar uwar ɗaka. Daga nan ban ƙara jin komai ba. Ban taɓa jin shiru mai tsawon wannan ba.

Hajiya ba ta son baƙi. Ana tsakiyar addu'a ta fito ta zaure da ɗa ɗaya a baki, ta ratsa ta tsakanin tabarmi, ta bi ta kan ƙafar Malam Tanimu, ta kai shi bayan tulin bulo ta ajiye. Ta koma ta ɗauko na biyu. Wasu suka bi ta da ido, amma ba wanda ya kawo komai a ransa. Tana fitowa da na uku sai ga Asabe a bayanta, ta tsaya a bakin zaure, mayafi a baki, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, don Allah, wai ita ce Hajiya?"

Na gyaɗa kai.

Ba a yi dariya nan da nan ba, da ma an yi ai da sauƙi. Sai da kowa ya kalli magen, ya kalle ni, ya ƙirga 'ya'yan da ido. Malam Tanimu, hannunsa har lokacin a sama, ya shafa a fuska ya ce to ita dai addu'a ta riga ta tafi, ba a kiranta ta dawo, sai dai Allah ya sa su haddace ɗin. Nan wuri ya ɓarke. Wani ya kwanta a tabarma, wani ya riƙe bango, masu wucewa suka tsaya suna tambaya ana ba su labari, su ma su kama. Ni ma na yi dariyar, me zan yi? Ina yi ina roƙon ƙasa ta tsage.

Madam ce kaɗai ba ta fito ba. Ta aiko Asabe ta kira ni. Na same ta tsaye a tsakiyar uwar ɗaka, kayan jariran har yanzu a hannunta. Ta riga ta ga abin da za ta gani, katifa a ƙasa da filo ɗaya, kwano ɗaya a kife kan risho, taga ba labule, da shatin sif a bango. Mace ba ta buƙatar a yi mata bayanin irin wannan ɗakin.

"Tun yaushe?" ta ce.

Na ce an kwana biyu.

"Kullum fa sai mun tambaye ka."

"Ni ma kullum sai na amsa, Madam."

Ta daɗe tana kallona, ni ina kallon siminti. Dariyar waje ba ta yi mini ciwon wannan kallon ba. Ta ajiye kayan a kan katifa, ta fita ta ce kowa ya hau mota, da irin muryar da ba a yi mata musu. Ba wanda ya san yadda za a yi da baho da gero, don haka aka bar su a nan. Bas ta tashi, har ta sha kwana ina jiyo Malam Tanimu. Na naɗe tabarmin mutane na mayar musu, na kwaso Hajiya da 'ya'yanta, na rufe ƙofa. Gidan ya yi mini faɗi fiye da kullum.

Litinin na shiga ofis kamar ɓarawon da aka sako beli. Tun daga get masu dako suka raɗa mini Baban 'Yan Uku, sunan da har yau bai sake ni ba. Madam ta kira ni ta rufe ƙofa. Ba ta ɗauko zancen Asabar ba, aiki kawai ta yi. Ta ce mage ba ta cikin iyali a tsarin kamfani, don haka kuɗin asibitinta ba za su zauna a matsayin kuɗin magani ba. Ta yi wa Alhaji bayani, bayan ya gama dariya ya ce kada a karɓe, a bar mini kyauta. To amma da zarar sun zama kyauta daga wurin aiki, sun koma jikin albashi, dole ta cire haraji a kai ƙarshen wata. Ta ce in yi haƙuri, ba mugunta ba ce, shi haraji a kan abin da mutum ya amfana da shi ake cirewa. Na ce ba komai. Ina jin a duk Sabon Gari ni kaɗai ne gwamnati ta ci kuɗi a kan haihuwar magensa.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne. Kada ka miƙa wa akanta leda ba ka zazzage ta a ƙasa ka duba ba. In kuma za ka ɓoye wa mutanenmu abu, ka tabbata ba irin wanda ake cika mota a zo barka a kansa ba ne.

Amma tunda na fara tona kaina, bari in ƙarasa. Bahon ya zama gadon 'yan uku, geron na sha kununsa da kaina, atamfar na ba matar maƙwabcina. Kayan jariran ne na kasa bayarwa, suna nan a ƙasan akwati. Kuma in aka tambaye ni me ya hana ni katse addu'ar nan, nakan ce ruɗewa ce. Ba ruɗewa ba ce. Na yi shekaru ina zuwa barkan mutane, ina zama a bakin tabarma ina cewa amin. Ran nan ni aka sa a tsakiya. Na san ƙarya ce, na san saura ƙiris ta fashe, amma na ce bari dai in ji yadda take, ko zuwa shafa fatiha ne. Na kuwa ji. Shi ya sa da ƙarshen wata ya zo na ga abin da Madam ta cire, ban yi gunaguni ba kamar yadda na saba. Ta ce a kan abin da mutum ya amfana ake cirewa, ni kuwa na amfana.